Injin Da Na Kai Gidan Surukai A Abaji

Ko ku yarda ko kar ku yarda, ni nan da kuke gani na taɓa tsayawa a tsakiyar gona ina neman soket. Wallahi har in koma ga Allah ba zan manta da wannan Asabar ba.

Lokacin sojoji sun koma bariki, an ƙara albashi, wayar salula ta shigo, kowa a Abuja ji yake shi ma oga ne. Ni kuwa ɗan ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata, ɗaki ɗaya gare ni a Karmo, amma bakina ya fi na darakta. Ina neman wata yarinya Hajara, 'yar Abaji. Ita ta yarda, babanta ne ya ƙi cewa in turo magabatana. Duk zuwan da na yi sai ya kalli tafin hannuna ya ce, "Yaran Abuja, hannu kamar burodi."

Sai bikin yayar Hajara ya taso, ana neman itacen girki. Ga gumagumai jibge a gonar Baba, babu mai faskarawa. Ba wanda ya tambaye ni fa, bakina ne ya yi tsalle.

"Baba, a bar mini. Kafin la'asar na gama da su."

Ya ce, "Da wane hannun?"

Na ce, "Da inji, Baba. Zamani ya wuce gatari."

Na dawo Abuja ban zauna ba, sai kasuwa. Manyan injinan yankan katako da na ji farashinsu sai da na nemi wurin jingina. Can na hango wani ɗan ƙarami a kwali, ga hoton Bature yana murmushi a daji, kuɗinsa ko rabin rabi bai kai ba. Mai shagon ya ce, "Oga, bari in buɗe mu gwada."

Na ce, "Kar ka fasa mini kwali!" (So nake a buɗe shi a gaban surukai, dal a leda, kamar kayan lefe.)

Ranar Asabar ɗin na dira Abaji da farar shadda, kwali a kafaɗa, jarkar fetur a hannu. Labari ya riga ni isa. Rabin unguwa suka bi ni gona, har da wani tsoho da ya taho da kujerarsa. Mata sun jera tukwane a gida, shinkafa a wanke, ni kawai ake jira.

Na yi bisimilla na fasa kwali. Na ɗaga inji sama aka yi tafi. Na juya shi ina neman bakin tanki. Babu. Na juya ɗaya gefen. Babu. Igiyar da ake ja a tayar ma babu. Sai wata baƙar waya ta zazzago kamar wutsiyar ɓera, da fulogi a bakinta.

Jama'a, injin lantarki na saya.

Baba ya ce, "A ina ake zuba man?"

Na ce, "Wannan sabon yayi ne, Baba, ya fi ƙarfin mai." Ina faɗa ina waige-waige, kamar wata bishiyar za ta fito da soket.

Na ce a mirgina gumaguman zuwa gida. Ƙarti suka taɓa ɗaya suka ce sai dai tirela. Ko da an kai ma, an ɗauke wuta tun shekaranjiya. Na haye acaɓa na shiga gari, na roƙi wani mai aski ɗan janaretonsa (ya bar mutum da rabin kai, ya biyo ni don kar in gudu da shi). Muka dawo, aka tayar, na jona. Inji ya yi kuka wiiii, yara suka watse, zuciyata ta dawo. Na ɗora shi a kan gungume, janareto ya yi tari ya mutu. Aka sake tayarwa, ya sake mutuwa. Abin da muka samu duk ranar, garin katako ne da bai cika cokali ba.

Ana cikin haka goggon Hajara ta iso da ludayi a hannu. "Kai ɗan Abuja, shinkafar ɗanya za mu ba baƙi?"

Baba kuwa gatari kawai ya miƙo mini.

Na tuɓe shadda. Saran farko gatarin ya maƙale, na biyu na kusa raba kaina da babban yatsa. Amma ban gudu ba, don mai askin ya tsare hanya. Samarin unguwa suka gaji da dariya suka kama mini. Kafin magariba an ɗora tukunya, hannun burodi kuwa ya zama ƙosai, duk ya yi bororo ya fashe.

Tun daga ranar, ko ashana na saya sai na buɗe na ƙirga kawunanta a gaban mai shago.

Da zan tafi na durƙusa gaban Baba, na shimfiɗa hannuwan nan yadda zai gan su da kyau. Na ce, "Baba, maganar turo magabatan nawa fa?"

Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Ka turo su. Amma ka gaya musu su taho da janaretonsu, mu nan gidan ba mu da wurin jona ku."