Shunayyar Tambarin Muhsinat

Da asuba Ɗalhatu ya tashi daga lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a ƙasar Larabawa, ko fuska bai wanke ba ya kamo hanyar unguwar Satwa, shagon taubashinsa Musbahu mai ɗinka tambari a rigunan masu gadin otal. A aljihun Ɗalhatu akwai hoton takarda baƙi da fari, tambarin makarantar 'yarsa Muhsinat da za ta gama sakandare a Funtuwa. Wanda zai kai mata kyautar gama makarantar da yamma jirginsa zai tashi.

Yana shiga ya ce, "Lafiya lau, bawan gidanmu. Har yanzu kana nan kana tsire wa Larabawa aljihu?"

"A'a, jakin Jebel Ali! Sun sauke maka mangala? Zauna can nesa, ƙarnin teku kake yi."

Ɗalhatu ya shimfiɗa takardar a kan keken ɗinki. "Gyale za ka yi wa yarinyar nan, da wannan a jiki. Garkuwa, littafi a tsakiya, sai layukan nan na karkace. Ka sa baƙin zare."

Musbahu ya ƙyalƙyale da dariya. "Layi-layi? To da ma, 'yar jaki ai jakin dawa ce! Baƙauye, wannan ba ado ba ne. Masu zana tambari in babu launi, da layi suke faɗarsa. Ka ga ya gangaro daga dama zuwa hagu? Shunayya ke nan. Da ɗaya gefen ya karkata, kore ne."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

"Yalla, yi maza kira ta ka ji."

Ɗalhatu ya taɓa wayarsa, ya janye hannu. Tana firamare ya baro gida. Hutun da ya samu sau biyu tana makarantar kwana, na uku korona ta cinye. Da wane baki uba zai tambayi 'yarsa launin abin da ta shekara shida tana ɗauke da shi a ƙirji?

"Ba na kira," ya ce. "In kuma kore ne fa?"

"In kore ne, ni bawanka ne har abada."

"Wannan ai tsohon zance ne. Kawo sabo."

"Mai ɗaukar kaya ina ya san abin da ke cikin buhu? Yi min shiru, khalas, magana ta ƙare."

Musbahu ya zaro zare shunayya mai duhu kamar nunannen malmo, ya tada keke. Ɗalhatu ya zauna yana kallon garkuwar tana cika kaɗan-kaɗan, barcin ma ya gudu.

Da Musbahu ya gama, tambari biyu ya ajiye, ɗaya a jikin gyalen, ɗaya a gefe.

"Na biyun fa?"

"Na jaki ne. A rataya masa, kada ya ɓata a kasuwa."

Ɗalhatu ya yi dariya. "Ka ci, bawa. Yau ɗaya."

Ya naɗe gyalen a leda. Ɗaya tambarin kuwa ya zura shi a aljihun ƙirji, ya ɓalla maɓalli, ya dafe wurin da tafin hannu, ya fita neman bas.