Kyamara Ba Ta Zuwa Garejin Ƙarshe

"...da gajiya kuma? To madalla. Gaisuwar ta isa haka, ka tare mini talabijin. Matsa."

Kaka ce ke magana, ko ɗagowa ba ta yi ta dubi jikan nata ba. Lahadi ce da rana. Ta riga ta ja kujerar robarta har gaban talabijin, tabarau a kan hanci, an saki labule saboda haske. Saura minti goma a fara tseren motoci. Shekara huɗu ke nan ba ta taɓa fashin kallo ba, tun da autanta ya samu aikin canjin taya a wata ƙungiyar tsere a ƙasar waje. Jikan kuwa kafa dish ne sana'arsa, kullum yana kan rufin wani, shi ya sa take ce masa Mai Tsani. Yana tsaye da leda a hannu.

"Haba Amarya, mijinki ya shigo ko ruwa babu?"

"Mijin da aka aika tun ranar Laraba? Ina babbar talabijin ɗin da na ce ka sayo? Ko tana waje ne, ƙarti huɗu sun ɗauko ta?"

"Ga ta nan." Ya zura hannu a leda, ya fito da wani baƙin akwati da bai fi littafi girma ba.

Kaka ta sauke tabarau, ta duba, ta mayar. "Ba ni takardata."

"Tun kafin in jona?"

"Tun kafin. Na ce maka ina son wadda za ta cika bango, in ga mutum kamar yana cikin ɗakin nan. Ka kawo mini abin ajiye sabulu."

"Tsohuwa, ko bangon duka aka mayar talabijin, abin da ba su nuna ba ba za ki gani ba. Wannan kuwa yana kama hoto ya riƙe. In abu ya wuce sai a tsayar, a koma baya, a bi shi a hankali."

"Da yana mayar da abu baya ai da kanka za ka fara jonawa, ko gashin gaban ya dawo."

"Sanƙon nan a wurin mijinki na fari na gada."

"Shi sai da ya shekara saba'in. Kai ko talatin ba ka cika ba tantabaru ke zamewa a kai."

Ya durƙusa bayan talabijin yana dariya, yana laluben wayoyi. Daga can ƙasa ya ce, "Ni fa ban gane ba. Kawu yana kiranki duk mako, kina ganinsa a waya. Me ya rage?"

"Me waya take nunawa? Daga wuya zuwa sama. Hanci ya cika gilashi, haƙora a waje, 'Lafiya lau, lafiya lau.' Yaron da ko zazzaɓi na kayar da shi lafiya lau yake cewa." Ta gyara zama. "Wata bakwai ke nan da aka yi masa aiki a gwiwa. Ya ce ya warke, ya koma bakin aiki. In na ce ya tashi ya taka in gani, sai ya ce waya za ta mutu. Ni ƙafar nake son gani. In gan shi a tsaye, yana gudu da ita."

Mai Tsani ya fito daga bayan talabijin. Ya danna wani maɓalli, ƙaramar jar fitila ta kama a jikin akwatin. A talabijin injuna suka ɗauki kuka gaba ɗaya, har gilashin taga yana rawa.

"An tashi!" in ji Kaka. "Ga tamu can, koriya, ta baya. Ka gan ta? Ka gan... Shi ke nan. Sun ɗauke."

"To ai ta ƙarshe ce. Wa zai nuna ta ƙarshe?"

"Ta ƙarshe ba mota ba ce? Mota ashirin aka jera, biyu suke nunawa. Ja da shuɗiya, shuɗiya da ja. Ko uwar direbobin nan ta gaji da ganinsu."

"Ki canja ƙungiya mana. Ki koma ja, kullum kina cikin nasara."

"Da ina canja abu don ya zo na ƙarshe, da tun kana aji uku na canja ka."

"Na goma sha tara na zo!"

"Cikin ashirin. Na ashirin ɗin kuma ƙyanda ce ta hana shi jarrabawa." Ta nuna talabijin da baki. "Wannan matar mai baƙin tabarau fa, wace taya take canjawa?"

"Mawaƙiya ce. Baƙuwa ce ta musamman."

"Sau uku ke nan suna nuna ta tana tauna cingam. Ga mutane can suna aiki, zufa na zuba, an bar su ana nuna mai tauna. Yanzu kuma dubi, sun sake maimaita tashin farko. Na biyar ke nan. Mun gani! Ai muna nan aka tashi!"

Masu sharhi biyu suna ta zuba, ɗaya bai gama ba ɗaya ya karɓe. Kaka ta rage murya da rimot. Idonta ya koma gefen hagu na talabijin, inda aka jera lambobin motoci daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Ta ɗora yatsa a ƙasan jerin.

"Ka ga lambar nan? Ita kaɗai nake samu. Shekara huɗu ita nake gaisarwa. In wata 'yar alama ta fito a gefenta, motar ta shiga canjin taya ke nan, Auta yana aiki. Sai in ta ƙirgawa a zuciyata. Daƙiƙa biyu da rabi, sun gama."

"Shi kaɗai yake canjawa cikin daƙiƙa biyu?"

"Kai dai banda hawa rufin mutane ba abin da ka sani. Kowace taya mutum uku ne. Ɗaya ya kwance noti, ɗaya ya zare tsohuwa, ɗaya ya cusa sabuwa. Auta ne mai cusa sabuwa. Kuma garejinsu ne na ƙarshe a layi, can bakin fita, don wanda ya fi ci shi ake ba wa na farko. Kyamara ba ta taɓa ƙarasawa can. Kamar da kare a wurin."

Zagaye na goma sha takwas alamar ta fito. Kaka ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji. "Sun shiga! Ku nuna, ku nuna, don Allah ku nuna!"

Hoton ya ɗauke. Wani mutum mai ƙiba ya bayyana cikin kayan barci, ya faɗa kan katifa yana murmushi, ana waƙar sunan katifar.

Ta tsaya tana kallonsa har ya juya ya rungumi matashi. Sannan ta zauna a hankali. "Mayar da shi baya."

"In na mayar, mai katifar ne zai tashi ya sake kwanciya. Abin da suka aiko shi akwatin yake kamawa."

"Ashe abin sabulun ne dai." Muryarta ta yi ƙasa. Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. "Da yana ƙarami, in an tashi daga makaranta, tun daga kwanar layi nake jin takunsa. Ba ya tafiya, gudu yake. In ce wa ke binka? Ya ce babu kowa. Har ya girma haka yake shigowa gidan nan, ƙofa na dukan bango. Ga wurin nan, har yanzu ban sa an shafe ba."

Mai Tsani ya dubi ramin da mariƙin ƙofa ya yi a bango. Ya yi gyaran murya. "To ni da nake shigowa a hankali kamar mutumin kirki, wa ya taɓa yaba mini?"

"Kai sanɗa kake yi, don kar a aike ka."

Aka dawo daga talla. Ja da shuɗiya, shuɗiya da ja. Kaka ta mayar da tabarau, ta yi tagumi. Zagaye biyar, shida. Can sai ta sunkuya gaba.

"Mene ne wancan a gilashin kyamara?"

"Datti ne."

"Idonka ne datti. Ɗigon ruwa ne. Ga wani. Masu surutun nan ba su ma lura ba." Ta damƙi hannun rigarsa. "Saurara. In ruwa ya sauko, kowa sai ya shigo ya sa tayar ruwa, duka a lokaci guda. Ja za ta fara shiga, kyamara na binta. In ta gama za ta fita, dole ta wuce ta gaban garejin ƙarshe, babu wata hanya. Sau biyu na taɓa ganin haka, kamar walƙiya, kafin in ƙifta ido an wuce. Abin naka yana kamawa?"

"Yana kamawa."

"In ka yi kuskure, auren nan ya mutu har abada."

Ruwan ya ɓarke. Masu sharhi suka ɗaga murya. Jar mota ta kutsa layin gareji, mutane suka rufe ta, suka buɗe, ta fizga ta fita, kyamara na binta. Gareji ya wuce, wani ya wuce, wani ya wuce. Wani abu kore ya gifta.

"Nan!"

Ya danna. Hoton ya tsaya cak. Mutane ne cikin korayen kaya, kowa da hular kwano ta rufe fuska, sun fito daga gareji da tayoyi. Amma daga ƙugunsu zuwa ƙasa, gidan talabijin ya shimfiɗa wani dogon zanen talla: lemon kwalba, da ƙanƙara a jiki.

"Ƙafafun suka rufe," in ji Kaka. Ba ta ma yi faɗa ba. "Duk faɗin talabijin ɗin nan, ƙafafun suka rufe."

"Tsaya. Tallan daga gefe yake shigowa." Ya danna baya. Zanen ya ja kaɗan. Ya sake dannawa, ya sake. A na huɗu tallan ya janye gaba ɗaya, mutanen suka fito tun daga hula har takalmi. "To, Amarya, ga su. Bakwai ne, kamarsu ɗaya kamar ƙwai. Wanne ne naki?"

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ba ta ɗauki lokaci ba. "Wannan."

"Cinta kika yi."

"Kowa ya rungumi taya ta dama, shi ta hagu, bahago ne. Kuma dubi kan, a karkace kamar mai sauraron gulma. Haka ubansa yake ɗaukar kaya."

Mai Tsani ya sunkuya ya duba bayan hular mutumin. Akwai wani ɗan tsiri rawaya a manne. Ya koma ya zauna a ƙasa yana girgiza kai. "Shekaranjiya na kira Kawu. Na ce ya manna wani abu a hularsa don mu gane shi. Ya ce rawaya zai sa. Ga ta nan."

"Kun haɗa baki ke nan, kuna gwada ni. Ni da na haife shi sai an sa mini alama kamar buhu?"

"Na bi, Tsohuwa. Dubi ƙasa."

Ta duba. Mutumin yana tsakiyar taku, gwiwar dama a lanƙwashe, ta hagu a miƙe baya. Tsakanin takalmansa da jiƙaƙƙen siminti akwai ɗan fili. Babu ƙafar da ta taɓa ƙasa.

"Gudu yake," ta ce.

"Da taya a hannu."

"Gudu yake yi." Ta ɗora yatsa a kan gwiwar, ta bar shi a wurin. 

Da aka jima Mai Tsani ya ɗaga rimot. "In sake shi? Saura zagaye ashirin, mu ga wa zai ci."

"Taɓa ka gani. An gama tsere."

"To akwatin fa? In mayar musu da abin sabulunsu?"

Ta yi dariya, irin wadda ke fitowa ta hanci in mutum bai gama da hawaye ba. "Mummuna ne, kamar wanda ya sayo shi. Bar shi. Tashi ka buɗe kabad, ɗauko kofin can na sama, mai shuɗin baki. Akwai shayi a fulas."

Ya tsaya da hannu a ƙofar kabad. "Wannan ai kofin Kawu ne. Ba wanda kike bari ya taɓa."

"Mai shi yana can yana gudunsa, bai da lokacin shayi. Sha, angona. In ka gama ka wanke, ka mayar inda ka ɗauko. Kuma ka bi ta baya, kar ka tare mini shi."