Benen da Ba Ya Yoyo

Duk wanda ya ce garin Osorno bai haifi manyan mutane ba, to bai taɓa shiga Bene na Bakwai a gidajen gwamnati na Los Canelos ba, balle ya yi ido biyu da Don Eleuterio Cárcamo. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin kwamitin mazauna benen, ba a taɓa kayar da shi a zaɓe ba, tunda akwatin ƙuri'a a ƙarƙashin gadonsa yake zaune. Yana da hatimi. Yana da usur, wanda ya rage masa tun zamanin da yake alƙalancin ƙwallon tsofaffi. Yana da ofis a ƙasan matakala, inda a da ake ajiye tsintsiya, ya rubuta SHUGABA a ƙofar da manyan baƙaƙe har na ƙarshen ya tsallaka kan bango. A gabansa ana ce masa ranka ya daɗe, a bayansa kuwa Gwamnan Matakala.

Wannan ofishi, don Allah a faɗi gaskiya, shi kaɗai ne ɗakin da ruwa bai san hanyarsa ba a duk benen.

Wadda ta fi kowa sanin haka ita ce Señora Bernardita, maƙwabciyarsa a hawa na huɗu, can ƙarƙashin rufi. Bokitinta tara, kowanne da wurin zamansa. Bangon ɗakin kwananta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, mijinta Don Rosamel kuwa da zarar ruwan watan Mayu ya sauka sai tari ya kama shi, ba ya sakinsa sai Satumba. Likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ƙirjin tsohon ba zai ɗauki wata damina a ɗakin nan ba. Shekara tara tana rubuta wa hukumar gidaje takarda.

Sai ga amsa ta zo a watan Fabrairu, rana na ƙwallewa. Za a turo mai duba gidaje, ta zagaya bene-bene, ta rubuta halin da kowanne yake ciki. Wanda ya fi lalacewa shi za a fara gyarawa. Bernardita ta zauna a kan bokiti na uku ta yi kukan murna.

Gwamnan Matakala ya busa usur, aka taru a tsakar gida. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya hau kan akwatin lemo.

"Maƙwabtana, 'yan uwana, jama'ata," in ji shi. "Gwamnati za ta zo ta ba mu maki. Ni Eleuterio, da raina da lafiyata, ba za a rubuta sunan Bene na Bakwai a ƙasan na Takwas ba. Waɗannan ƙazaman, masu shanya kamfai a taga? Sai dai a bayan raina."

"Ranka ya daɗe," in ji Bernardita, "ai na ƙasan ake fara gyarawa. Haka takardar ta ce."

"Maƙwabciya, ke soya kika iya, ni gwamnati na iya. Wa kika taɓa gani ya yi wa ƙazami kyauta? Gwamnati mai mutunci take gyara wa gida. Mu nuna mata mu mutane ne, za ki ga har famfon zinariya."

Abin haushi, aka tafa masa. Mutanen Los Canelos ba sa son baƙo ya ga tsiraicin gidansu, ko limamin coci ne zai leƙo sai an wanke labule. Gwamna ya san wannan lagon sarai.

Mako biyu benen bai huta ba. Aka shafe fumfuna da fenti ruwan ƙwai, shafi uku. Inda bango ya tsage aka rataya hoton Maryamu, inda tsagewar ta fi hoton tsawo aka ƙara da kalanda. Matakalar da ta karye aka ɗora mata tukunyar fure. Bokitan benen kaf, guda sittin da ɗaya, aka loda su a motar mai burodi aka kai su hutu gidan surukin shugaba. Don Rosamel ma aka kai shi gidan 'yarsa, wai tarinsa zai iya rage maki. Shi kuwa Gwamna, a nasa gidan, sai ya kira kafinta ya buga masa sabon silin fari tas a ƙarƙashin ruɓaɓɓen, ya tsaya yana kallonsa yana shafa ciki.

Bernardita ta ɓoye bokiti ɗaya a cikin tanda don ta nuna shaida. Ya gano shi. Mutumin da ya yi alƙalancin ƙwallo ba a ɓoye masa abu.

Ranar dubawa, mai duban ta iso, wata matashiya ce, Señorita Maricel Antilef, da allon rubutu da 'yar na'urar auna danshi. Bene shida ke jiranta a ranar, ga ƙafarta ta fara ciwo tun a na Biyar. Gwamna ya tare ta a ƙofa da jawabin minti ashirin, sannan ya tura Bernardita can ƙarshen tsakar gida ta soya wa baƙuwa sopaipiya, irin fankasonsu, ya sa mata biyu su tsare ta da hira.

"Akwai inda ke yoyo?" in ji Maricel.

"'Yata, yoyo? A nan? Ruwan sama da kansa ya san Bene na Bakwai. In ya zo wucewa, ratsewa yake yi ya sauka a kan na Takwas."

Ta ɗora na'urarta a bangon hawa na uku. Na'urar ta ƙwala ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Tsabta ce," in ji shi, ko gezau. "Mu a nan har bango muke wankewa. Da safen nan aka yi masa wanka."

Ta ce tana son hawa kan rufi. Ya ce ai tsanin ya tafi gyara. Ta ce to a nuna mata gida ɗaya a hawan ƙarshe. Ya buɗe mata nasa da hannu biyu, ya nuna mata sabon silin, ya nuna mata hotonsa da wani tsohon kansila, ya ce duk gidajen sama haka suke, nasa ma shi ne na baya.

Suna fitowa sai ga Bernardita ta ɓalle daga masu gadinta, ta hawo tana haki, cokalin suya a hannu.

"'Yar nan, don girman Allah zo ki ga ɗakina."

Maricel ta shiga. Bango ruwan ƙwai, Maryamu uku, kalanda biyu, ga ƙatuwar wadirof ɗin aro ta rufe inda ya fi muni. Bernardita ta sa kafaɗa ta tura, wadirof ta ƙi motsi.

"Wallahi yana zuba, 'yar nan. Bokiti tara nake sawa."

"Ina bokitan, mama?"

Kafin Bernardita ta amsa, Gwamna ya sunkuyo ya raɗa wa baƙuwar cewa a yi haƙuri, tsufa ne. Maricel ta dubi agogonta, ta dubi bangon, ta ce ita abin da idonta ya gani take rubutawa, sauran kuma sai abin da shugaban mazauna ya sa wa hannu. Ya sa hannu a ƙarƙashin "babu ƙorafi", ya buga hatimi sau biyu don kada ɗaya ya gaji.

Sakamako ya fito a watan Afrilu. Bene na Bakwai ya zo na ɗaya a duk unguwar, lafiyarsa ƙalau, sai bayan shekara biyar za a sake waiwayarsa. Bene na Takwas, masu shanya kamfai, suka zo na ƙarshe. Kafin mako ya zagayo motoci sun fara sauke musu sabon kwano. Gwamna ya sa aka yi wa takardar, wadda ta dawo da sa hannunsa da hatiminsa a jiki, firam mai gilashi, ya ce tarihi zai tuna da shi.

Ruwa ya sauka ranar huɗu ga Mayu, ya kwana uku bai ɗauke ba. Fentin ruwan ƙwai ya fara saɓulewa. Bernardita ba ta yi kuka ba wannan karon, haushi ya riga ya cinye kukan. Ta aika aka dawo da bokitai, ta sa maƙwabta huɗu suka sauko da gadon Don Rosamel, ta ɓalle kwaɗon ofishin shugaba da taɓarya, ta shimfiɗa tsohonta a ciki. Teburin shugabanci ya zama wurin ajiye maganin tari.

Shi Gwamna bai sani ba, yana sama ya tara 'yan kwamiti don bikin rataya takardar yabo. Sabon silin nasa kuwa, bawan Allah, kwana uku yana tara ruwa bai gaya wa kowa ba, cikinsa ya zazzago kamar na saniya mai ciki. Gwamna ya ɗaga firam sama, ya ce, "A ƙarƙashin jagorancina," sai silin ya haihu.

Ya sauko hawa huɗu yana ɗiga, kwat ya manne masa a jiki, usur ya cika da ruwa, firam a kansa yana tare abin da ke zubowa daga matakala. Ya tarar da ƙofar ofishinsa a buɗe, Don Rosamel na shan shayi a ƙarƙashin bargo, Bernardita na zaune a kujerar shugaba, bokitai tara jere a gefenta.

Ya yi gyaran murya, ya sassauta ta yadda ba a taɓa ji ba. "Maƙwabciya, ko za ki ara mini bokiti ɗaya?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Bokiti kuma, ranka ya daɗe? Na me? Ai benen nan ba ya yoyo. Sauke abin da ke kanka ka karanta, da hatiminka a jiki har biyu."