Rasuwar Fiffiken Motar Maisarah

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ko da yake akwai ɗan sanyi a gefenta, Encik (wato Malam) Shamsul Bahri bin Tajudin, mai shagon facin taya a hanyar Teluk Intan, wanda iyalinsa ke kira Abah, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da ma'abota tseren mota rasuwar fiffiken da ke bayan motar 'yarsa Maisarah. Marigayin ya cika ranar Lahadi bayan la'asar, a filin tseren da ke tsakiyar gonakin kwakwar manja, yana da shekara huɗu a bakin aiki.

An haife shi a garejin makanike Ah Keong, daga fallen alminiyam. Fiffike ne da bai taɓa sha'awar tashi sama ba. A kife aka yi shi, don iska ta hau bayansa ta danne motar ƙasa, tayoyi su riƙe kwalta a kwana. Saboda wannan hali Abah ya ƙaunace shi fiye da kowane ƙarfe a jikin motar, domin tun ranar da Maisarah ta fara sa hular kwano bai taɓa roƙa mata kofi ba. Roƙonsa ɗaya ne, ta dawo gida da ƙafafunta.

Marigayin yana da ramuka biyar a kowace ƙafa. Idan aka ɗaure notinsa a rami na biyu sai ya kwanta, motar ta yi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, shi kuma ya riƙa fito siriri, fiiiiu. A wannan hali kwana sai mai ƙarfin zuciya. Idan aka kai shi rami na biyar sai ya ɗaga kai, ya yi gurnani irin na dattijo, wuuum, motar ta manne da ƙasa, abokan tsere su wuce ta suna ɗaga mata hannu. Abah bai yi karatu mai zurfi ba, amma daga bakin shinge yana sanin ramin da muryar kawai. Fito yana hana shi sakat. Gurnani yana sa shi iya shan shayinsa.

A nan ya zama dole mai sanarwa ya faɗi abin da ya ɓoye. Duk safiyar tsere, idan aka kira direbobi taro, Abah yakan zaro sifana lamba goma daga aljihu, ya waiga dama da hagu, ya mayar da marigayin rami na biyar. Marigayin bai taɓa tona masa asiri ba. Abin mamakin shi ne, sau da yawa Abah yakan je sayen shayi, ya dawo ya tsaya a shinge, sai ya ji motar ta wuce tana fiiiiu. Shekara huɗu yana zargin Ah Keong da mayar da notin rami na biyu, har ya rage masa gaisuwa. Yana amfani da wannan dama ya nemi gafararsa a bainar jama'a.

Ban da aikin iska, marigayin ya yi wa iyali hidima ba ƙorafi. An shanya tawul a kansa. Ya kuma zama teburin Puan (wato Malama) Rohaya, mahaifiyar Maisarah, wadda kowa ke kira Mak, domin ta ce a duk filin babu wuri mai tsafta da tsawon da ya dace da kugunta sai shi.

Ranar Lahadin ajali, Abah ya yi aikinsa na kullum. A zagaye na uku sama ta rufe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Motocin da suka kwantar da fikafikansu suka fara rawa a kwana, biyu suka juya suka kalli inda suka fito, ɗaya ta shiga ciyawa. Motar Maisarah kuwa tana ta wuuum, wuuum, tana bin kwana kamar an ɗinke ta da kwalta. Ta zo ta biyu, kofinta na farko ke nan. Abah ya yi kuka, amma ruwan sama ya rufa masa asiri.

Murna ta tara jama'a. Mak ta ɗauko babbar tukunyar shinkafa mai madarar kwakwa, wadda ake dafawa ranar biki, ta ɗora a bayan marigayin. Ya jure. Ta ƙara kwanon miyar barkono da dafaffen ƙwai. Ya jure. Da ta danna ludayi a tsakiyar shinkafar, sai ya yi kalmarsa ta ƙarshe, ƙaras, ya sunkuyar da kai. An ceto tukunyar.

Ah Keong ya tsuguna ya duba gawar, ya ce, "Yaya Shamsul, kar a ɗora wa shinkafa laifi. Dubi ramukan nan, sun buɗe kamar bakin kifi. Wannan ciwon kwance-ɗaure ne, kuma hannu biyu ne suka yi shi. Nawa ba ya ciki, sai ka dawo mini da gaisuwata."

Abah ya kalli takalminsa. Maisarah ta cire hular kwano, ta ce, "Ɗaya hannun nawa ne, Kawu Keong. Ɗayan kuma ga mai shi nan yana ƙirga yatsun ƙafarsa."

"Kin sani?" in ji Abah.

"Haba Abah! Ni ce fa a cikin motar. Kuma duk notin da ka taɓa sai ya kwana yana ƙamshin man zafinka."

Abah ya gyara murya. "To ai gara da yau kin manta ba ki mayar ba."

"Ban manta ba. Sama na duba tun da safe, na ga hadari ta gabas, na bar shi inda ka sa. Da a ce rana ake yi, da ka ji fito."

Mak ta ce, "Ku biyun ku matsa, abinci na hucewa."

Abah ya daɗe yana juya maganar. Ashe shekara huɗu yarinyar tana duban sama kafin ta shiga mota, shi kuwa bai taɓa duban komai ba sai tsoronsa.

Marigayin ya bar motar da ya rayu a kanta, rawaya mai lamba ashirin da bakwai, wadda yanzu bayanta yake fayau kamar kan da aka aske. Ya bar leɓen ƙarfen da ke gaban motar, abokin aikinsa wajen dannar iska, da noti uku. Na huɗun ya faɗa cikin miya, ana roƙon wanda ya same shi a kwanonsa ya dawo da shi.

Za a yi masa rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga garejin Ah Keong zuwa shagon facin taya, inda za a kafa shi a saman ƙofa ya zama rumfar masu jira. Ba za a yi salla ba, tunda ƙarfe ne. Mak za ta ba da shinkafa, a kan tebur na gaskiya. A wurin ne Abah zai miƙa wa Maisarah sifana lamba goma a gaban shaidu, kuma ya yi alkawarin ba zai sayi wata ba.

Masu zuwa ta'aziyya su taho wa Abah da addu'a da man zafi. Ah Keong ya riga ya fara yanka sabon fiffike, kuma Maisarah ta ce a huda masa rami bakwai.