Lambar Harajin Tana Hannun Umma

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na kusa rasa aikina da bizata a Dubai saboda waya guda da ƙarya guda, kuma duka biyun nawa ne.

A sashen haraji na wani kamfanin inshora na Amurka nake aiki. Can ƙasar kowace jiha da dokarta. Idan jihar da kamfaninmu ya fito ta tsawwala wa kamfanonin wata jiha haraji, ita ma waccan sai ta rama a kanmu, daidai wa daida. (Manya na rigimarsu, mu muna shan duka.) Wannan harajin ramuwa ni nake tura shi, kuma doka ta ce ba cek, ba takarda, sai ta intanet kafin wa'adi. Ka makara, tara ta hau kan kamfani. Ni kuwa watana biyar kacal, ba a ma tabbatar da ni ba, kuma bizata a hannunsu take.

Takardun ba su iso daga Amurka ba sai ranar ƙarshe, banki kuma zai rufe tura kuɗi ƙarfe biyar. Huɗu da rabi na gama cika komai. Madam, shugabar sashenmu, tana tsaye a kaina. Malam Sani, wani dattijo mutumin Damagaram da ke sa hannu na biyu, yana gefe. Na danna. Kwamfuta ta nemi lambar sirri mai guda shida, wadda ke fitowa a wata manhaja cikin wayata.

Na zaro wayar, na dube ta. Sabuwa ce.

Mako biyu kafin nan na canza waya. Tsohuwar na share hotunan ciki, na goge ta tas da ƙyalle, na sa ta a kwali mai kyau, na kai kasuwar Murshid Bazaar wani ɗan kargo ya tafi wa mahaifiyata da ita Kano. Na kira na ce mata sabuwa ce fil daga shago. (Allah Ya yafe mini. Albarka ta yi ta sa mini har muryarta na rawa.) Manhajar kuwa tana ciki.

Madam ta saurari bayanina ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce, "Yalla, maza kira ta. Ka buɗe murya mu ji, hannunka na kan kwamfuta."

Na kira ƙaramar wayar Umma mai tocila. To, kun san ba a katse uwa a gaisuwa. Ya aiki, ya zafi, ya maƙwabtana na unguwar International City, na daina ciwon cikin nan kuwa? Ina amsa "lafiya lau", gumi na bin bayana duk da sanyin ofis. Huɗu da arba'in.

"Umma, don Allah ɗauko babbar wayar nan."

Ta ce yanzu ta yi alwalar azahar, amma bari ta nemo tabarau. Da ƙyar muka gano manhajar. Ta fara, "Bakwai, sifili... wannan uku ne ko takwas?" Kafin ta yanke hukunci lambar ta canza, don ba ta wuce rabin minti. Na sa, kwamfuta ta ƙi. Muka sake, ta ƙi. Jan rubutu ya fito cewa saura gwaji ɗaya a rufe asusun. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Har na hango kaina a filin jirgi da jaka ɗaya.

Sai Umma ta ce, "Tsaya tukuna, ɗan nan. Yaya aka yi kayan ofishinku suka shiga wayar da ka ce daga shago ka ɗauko ta?"

"Umma, zan yi miki bayani anjima."

"Yanzu nake so."

Biyar saura takwas. Malam Sani ya duƙar da kai yana kallon takalminsa. Na ce, da muryar da ni ma ban gane ta ba, "Tsohuwata ce, Umma. Shekara biyu ina riƙe da ita."

"Ni da na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya ina nuna ta." Ta ja numfashi. "Rubuta."

Ta karanto lambobin nan shida a jere, ba gargada, ta kashe wayarta. Kuɗi suka tafi.

Ina shirin yin hamdala Madam ta juya ga Malam Sani ta tambaye shi me aka ce, don ita ba ta jin Hausa. Bawan Allahn nan bai rage ko wasali ba. Cikin Turancinsa mai ƙanshin Faransanci ya fassara mata komai, har da ciwon cikin. Ta dube ni ta ce, "Khalas, shi ke nan. Gobe a mayar da manhajar sabuwar wayarka. Kuma ka saya wa mahaifiyarka waya."

Aikina yana nan. Wayar ma na saya, na aika har da rasit. Umma ta yi kwana tara ba ta ɗaga kirana ba, kuma a kwana taran nan na gane cewa tarar jihar Amurka mai sauƙi ce, don ita an san ranar da za a gama biyanta.