Yadda Za Ka Burge Surukai da Sabon Binciken Kimiyya

Ya kai saurayi mai waya a hannu da aure a zuci, wannan darasi naka ne. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari surukanka ba za su taɓa mantawa da kai ba. Ba sai ka je jami'a ba, ba sai ka taɓa leƙa ɗakin bincike ba. An gwada hanyar, kuma wanda ya gwada yana nan da ransa a Yelwa. Sunansa Zaharaddeen, yana da shagon cajin waya a bakin kasuwa. Da shi za mu riƙa misali, don bai tsallake mataki ko ɗaya ba.

Mataki na 1: Karanta kan labari, ka bar sauran

Masana sukan ɓata shekaru suna bincike, sannan su cika shafuka da ƙananan baƙaƙe. Kai ba ruwanka da wannan wahala. Layin sama kawai za ka karanta. Abin da ke ƙasa duk "wataƙila" ne da "ana zaton", kuma babu surukin da ke ba mai wataƙila 'yarsa.

Zaharaddeen yana son Mufida, 'yar Malam Wakili, wani manomin albasa a ƙauyen bakin ruwa kusa da Wara. Su biyu sun daidaita, saura iyaye. Aka ce ya zo gaisuwa a gan shi. In ya yi musu daidai, a ba shi izinin turo magabata. In bai yi ba, magana ta mutu. Abin da ke cin ransa shi ne tambayar da ya san za a yi masa: me kake yi? Cajin waya sana'a ce, amma a kunnensa ba ta da nauyi. Sai ya zauna a shago tsakanin wayoyin mutane, ya haddace kanun labarai a kan mutum-mutumi, da tsirrai, da ƙananan halittu, da zanen kogo.

Mufida ta ce masa a waya, "Baba ba shi da matsala, kowa nasa ne. Inna Hussaina za ka kiyaye. Ba za ta fito ba, amma duk abin da ka faɗa yana kunnenta."

"Bar min wannan. Na shirya."

Ta ce, "Shirin nan naka ne nake tsoro."

Mataki na 2: Gwada iliminka a kan waɗanda ba su da wurin gudu

Jirgin ruwa ya fi ko'ina dacewa. A mota mutum zai iya cewa a sauke shi. A tsakiyar tafkin Kainji kuwa sai dai ya saurara.

Zaharaddeen ya shiga jirgin kasuwa da abokinsa Lawali, ɗan acaba, wanda ya ajiye aikinsa don ya raka shi. Suka matsu tsakanin kwandunan bandar kifi da buhunan gero. Inji na tashi, ya gyara murya.

"Jama'a, kun san yanzu an ƙera kifin ƙarfe? Da batir yake tafiya, yana iyo da kansa, har kifaye na gaske su bi shi."

Wata dattijuwa mai sayar da banda ta dube shi sama da ƙasa. "To ɗana, shi kihin ƙarhen, in an kamo shi, banda a kai mai ko suya?"

"Ba a cinsa, Hajiya. Bincike yake yi."

"Af! Ashe shi ma bai da sana'a."

Jirgi ya ɗauki dariya, har mai tuƙi. Kada irin wannan ya dame ka. Dariya ita ce ƙarar da ilimi yake yi in yana shiga kan mutum. Haka Zaharaddeen ya fassara ta, ya ji kansa ya ƙara girma. Lawali ya matso ya raɗa masa, "Don girman Allah, in mun isa ka bar ni in yi maganar."

Mataki na 3: Kada ka bar shiru ya zauna a zaure

Mutanen da can sun ce saurayi a gaban suruki cire takalmi yake yi, ya durƙusa, ya sa ido a tabarma, ya amsa gaisuwa, ya kama bakinsa. Cire takalmin, durƙusa ɗin ma ka yi. Kama bakin ne ya tsufa.

Malam Wakili ya karɓe su da fara'a, hularsa a keya, ƙafarsa da sauran laka ta fadama. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Yelwa, aka tambayi hanya. Sannan tambayar ta zo.

"To, Malam Zaharaddeen, wace sana'a a kai?"

Lawali ya buɗe baki, amma an riga shi.

"Baba, ina ɗan taɓa harkar bincike. Kun san an gano tsirrai suna kuka? In ƙishirwa ta kama su, ko aka yanke su, suna fitar da wata 'yar ƙara. Kunnen mutum ba ya ji, sai na'ura."

A gaskiya a kan tumatir da taba aka fi yin wannan aiki, amma wannan yana layi na biyu, kuma mun riga mun yi sallama da layi na biyu.

Malam Wakili ya tafa hannu. "Har albasa?"

"Ita ta fi kowa, Baba."

"La ilaha! Shi ya sa in muna yankanta take sa mu hawaye. Ashe ramuwa ta take yi!" Ya yi dariya har da tari. "Kai, yaron ga ya san abubuwa."

Zaharaddeen ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya saci kallon Lawali, kallon da ke cewa, ka gani? Da a nan ya tsaya, da yanzu ana zancen lefe. Amma kai mai bin darasin nan kada ka tsaya. Wanda ya haddace kanun labari huɗu ya koma gida da biyu a ciki, ya yi asarar data.

Mataki na 4: Yaba girkin suruka a kimiyyance

Can aka turo kwanon fura da nono daga cikin gida, an rufe da faifai. Ka san abin da al'ada ta ce: aiken suruka ne, ka kai ludayi baki sau ɗaya don girmamawa, ka rufe, ka ce ka ƙoshi ko da cikinka yana kiran sunanka. Ga kuma abin da bincike ya ce.

Zaharaddeen ya ɗaga faifai, ya leƙa, ya ɗaga murya yadda za ta tsallake zana ta isa tsakar gida, domin yabo ne yake nufi.

"Baba, wannan nono cike yake da ƙananan halittu. Miliyoyi! Da ransu, suna motsi, suna hayayyafa. Ban taɓa ganin wanda ya kai wannan ba."

A cikin gida ana daka. Dakan ya tsaya.

Lawali ya take masa yatsan ƙafa. Shi kuwa ya ɗauka alama ce ta ya ci gaba, sai ya yi bayanin cewa hanjin mutum gari ne guda, kuma waɗannan halittu baƙi ne masu amfani. Don ya nuna ba ƙyama yake yi ba, ya ɗaga kwanon ya shanye, ya sa yatsa ya kwashe gayan da ya manne a gindi.

"Madalla," in ji Malam Wakili, a hankali, yana duban ƙofar cikin gida.

Shawara: in daka ya tsaya, ana saurarenka ne. Masu sauraro kuwa su masani yake nema.

Mataki na 5: Ka gano wani abu da kanka

Maimaita binciken wasu ba ya isa. Dole ka bar tarihi a gidan.

Malam Wakili, wataƙila don ya raba baƙonsa da kusa da ƙofa, ya ce su zo ya nuna musu irin albasa da ya yafa a bayan gida. Hanyar ta bi ta jikin wani ɗan rumbun ƙasa da ke manne da zanan tsakar gida. A nan Zaharaddeen ya ci birki. A jikin rumbun, ga shatin tafin hannu nan a cikin yaɓe, ɗaya bisa ɗaya, yatsu a buɗe. Irinsa sak ya gani a waya, a bangon wani kogo na can wata ƙasa, an ce ya yi dubban shekaru. Murna ta kama shi.

"Baba! Kun san abin da kuke da shi a gidan nan? Wannan zanen mutanen farko ne. Ya kai shekara dubu sittin."

Bari in ɗan tsoma baki, ku yi haƙuri. Ƙauyen kansa bai kai Malam Wakili shekaru ba. Yana yaro aka taso su daga tsohon gari lokacin da aka tare ruwa a Kainji, kuma tsohon garin yana can ƙarƙashin tafki. Kowa a wajen ya san haka. Amma masani ba ya tambayar mutanen gari.

"A'a, wanga ai..." in ji Malam Wakili.

"Ku duba yatsun, Baba. Gajeru, masu kauri. Ku duba faɗin tafin. Mai wannan hannu ba irinmu ba ne. Irin mutanen nan ne masu turarren goshi, da ba su gama zama mutane ba. Ga ƙarfi kamar na sa, amma kan bai nuna ba."

"Zaharaddeen," in ji Lawali, muryarsa kamar mai roƙon ruwa, "zo mu ga albasa."

Sai zana ya motsa. Inna Hussaina, wadda a al'ada ko inuwarta bai kamata saurayin 'yarta ya gani ba ranar, ta fito da taɓarya a hannun hagu. Gajeriya ce, kakkaura. Ba ta dubi kowa ba. Ta taka har jikin rumbun da ta liƙe da kanta bayan damina ta zubar da gefensa, ta ɗaga hannun dama, ta ɗora a cikin shatin. Ya zauna daram, ko wurin zura tsinke babu.

Ta bar shi a nan. Ta juyo.

"Malam mai bincike. Shekara nawa kac ce?"

Mataki na 6: Kada ka ba da haƙuri

A nan ne masu rauni suke zubewa ƙasa su ce a yafe musu. Wataƙila ma a yafe. Amma masani ba ya cewa ya yi kuskure. Akwai jimlar da aka tanada domin irin wannan rana, kuma tana ƙarshen kowane rahoto.

Zaharaddeen ya buɗe baki. Ya nemi kalmar tuba a kansa, ya tarar kanun labarai sun cinye wurin. Ya ji bakinsa yana cewa:

"Inna... ana buƙatar ƙarin bincike."

"To tahi ka ƙara," in ji ta. "Nonona da ƙwari, kaina bai nuna ba. Ɗiyar mutanen kogo ba ta dace da kai ba." Ta dubi mijinta. "Malam, raka baƙinka, kada jirgi ya bar su."

Malam Wakili ya raka su har bakin ruwa. Sai da za su shiga jirgi ya dafa kafaɗar Zaharaddeen.

"Ni dai na ji daɗin zancen albasa, wallahi. Amma ni a gidan ga nika kwana."

Mataki na 7: Jira sakamako

Zaharaddeen bai fid da rai ba. A ransa, Inna za ta huce, kuma ai ba Inna zai aura ba. Tun a jirgi yake kiran Mufida, ba ta ɗauka. Sai washegari da hantsi, yana shago, ta kira da kanta. Ya zabura har ya fizge cajar wani.

"Mufida, wallahi ba Inna nake nufi ba. Hannun kawai na duba, kuma duk wanda ya ga hannun nan..."

"Na ji duk abin da ka ce. Ina bayan zana, kusa da ita."

"To ki taya ni ba ta baki."

"Zaharaddeen, tun yaushe muke tare?" Muryarta ba ta tashi ba. "Duk garinmu an san hannun Inna na ɗauko. Har yatsun. Kai ne kawai ba ka taɓa dubawa ba."

Ta kashe. Ya daɗe riƙe da wayar a kunne, har mai cajar ya ce a mayar masa da abinsa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba masaniya ba ce, karatu kawai take so, kuma ba ta aiki kowa gidan kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, ko aboki, ko hanyar bi ta wani ƙauye, shi da wayarsa. Kada a zo gidanmu, kada a aiko, kada a tare ni a hanyar islamiyya. Masu binciken da aka ambaci aikinsu ba su san an yi ba, kuma ina roƙon kada a gaya musu. In kuma akwai wani a Yelwa da ya ga kamar da shi ake, ya yi haƙuri, masu shagon caji suna da yawa.