Hijabi Biyu, Makaranta Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa niƙabi don in ɓuya ba, sai ga shi ni ake kira a lasifika. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kicin, Abban Hanan ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Bari in fara gaya muku irin bakin da Allah ya ba ni. Da muka sa 'yarmu Hanan a makarantar kuɗi, duk unguwarmu Yalwawa babu wadda ba ta ji ba. A gidan suna, a gidan biki, har a layin markaɗe sai na san yadda na jawo zancen. "Ai su Hanan ajinsu har da fanka." "Ai su da Turanci suke gaisawa." Wadda ta fi kowa shan wannan wa'azi ita ce maƙwabciyata Maman Sadik, wadda 'ya'yanta duk firamaren gwamnati suke zuwa. Na taɓa ce mata, ina tsinkar zogale a tsakar gidanta (zogalenta fa, a gidanta), ni dai 'yata ba za ta zauna a ƙasa da sunan karatu ba. Murmushi kawai ta yi, ta ƙara min zogalen.

To sai kasuwa ta juya wa Abban Hanan baya, makarantar kuma kowane zango da sabon abin saye: yau kayan wasanni, gobe rigar bikin yaye ɗalibai, alhali yarinyar ba ta gama komai ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Maman Hanan, abin nan ya fi ƙarfinmu. Makarantar gwamnati za ta koma." Wallahi ba karatun yarinyar na fara tunawa ba. Fuskar Maman Sadik ce ta faɗo min a rai, da murmushin nan nata.

Nan na zauna na haɗa dabarar da har yau nake mamakin kaina. Na ƙi firamaren unguwarmu, na zaɓi wata can bakin gari ta hanyar Kiyawa, inda nake ganin ba wanda ya san mu. Kayan makarantarsu riga da wando shuɗi ne da farin hijabi. Kullum da safe sai in sa mata su, in kawo dogon hijabin tsohuwar makarantarta, ruwan toka mai bajo a ƙirji, in rufe ta ruf har ƙasa. Mu fito muna gaisawa da mutane, ina ta gyara bajon don ya fito sosai. Sai adaidaita ta yi nisa da unguwa in cire shi in cusa a jaka, in sa mata farin. In an tashi mu sake juyawa. Da zafin bazara yarinyar nan tana haɗa gumi tana cewa, "Mama, zafi nake ji," ni kuma in ce ta daure, wasa muke yi.

Ko wanki a ɗaki nake shanya kayan. Rana ɗaya na yi ganganci na shanya a waje, iska ta ɗauke shuɗin wandon ta tsallake katanga da shi. Can sai ga Maman Sadik da shi a ninke, har ta goge. Kafin ta buɗe baki na ce na 'yar ƙanwata ne da ta zo hutu (ni da ba ni da ƙanwa). Ta ce, "Allah sarki, a gaishe ta."

Abin haushin kuma, karatu ya karɓi Hanan a can. Gaskiya ajin cike yake, benci ba ya isa, fanka kuwa ko wayarta babu. Amma malamarsu, Malama Zulai, ba ta wasa, yarinyar da a da sai waƙoƙin Turanci ta dawo tana lissafi da ka, tana karanta wa kakarta labari da Hausa. Ga abin alfahari na samu, ga ba wurin faɗa. Mai baki irina ba a taɓa yi mata horo kamar wannan ba.

Ƙarshen shekara Hanan ta shigo da tsalle: ita ta zo ta ɗaya, za a ba ta kyauta a taron iyaye, dole in je. Murna ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Sai na aro niƙabi, abin da ban taɓa sawa ba, na je na zauna can layin baya na rumfa ina hango duniya ta ɗan tsagi. Wasu mata suka zo suka zauna kusa da ni da kulolin abinci, ban ko waiwaya ba.

Aka kira Hanan, ta fito da farin hijabinta tana washe baki. Sai shugaban makaranta ya ce a lasifika, "Muna roƙon mahaifiyar Hanan ta fito ta karɓa tare da 'yarta." Na yi kamar ban ji ba. Ya maimaita. Hanan tana ta ɗaga wuya tana dube-dube. Sai na ji an taɓa ni ta gefe.

"Maman Hanan, ke fa ake kira."

Maman Sadik ce, da matan layinmu reras a gefenta. Maimakon in haƙura, sai na maƙale murya na ce, "Baiwar Allah, ba ni ba ce."

Ta ce, "Haba dai. Takalmin nan ai tare muka saye shi a kasuwar Shuwarin."

Ba yadda na iya, na miƙe. Da yake ban saba da niƙabi ba, ban ga igiyar rumfa ba. Na yi tuntuɓe, na rungumi wata kujera, jakata ta yi gaba ta buɗe, hijabin nan ruwan toka ya baje a tsakiyar fili, bajonsa yana kallon sama. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Matan layinmu kuwa suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, ni kuma na isa gaban shugaban makaranta da takalmi ɗaya.

Bayan taro muna cin shinkafar da suka dafo don murnar 'yata, na daure na tambayi Maman Sadik yaushe ta sani. Ta ce tun makon farko, ai Malama Zulai ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce to me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Mun ga kina wahalarki tsakani da Allah, sai muka ce a yi miki kara." Wato shekara guda ina gyara bajo, unguwa guda tana taya ni riƙe sirrin da kowa ya sani.

Dariya nake har da hawaye, har muka hau adaidaita. Mun kusa unguwa Hanan ta ajiye kyautarta a cinya, ta kama farin hijabinta za ta cire kamar kullum. Ta ce, "Mama, yau ma sai na canja? Ina so su Sadik su gan ni da wannan." Nan dariyar ta tsaya, kunya ta gaske ta kama ni, ba irin ta filin taro ba. Na ce ta bar shi. Na tsayar da mai adaidaita tun daga bakin titi, muka taka har gida, ita a gaba da kyautarta.

Yanzu in aka tambaye ni tsakanin ta kuɗi da ta gwamnati wacce ta fi, cewa nake a je a ga malamin ajin tukuna, fanka ba ta koyar da kowa. Hijabin nan kuwa na yanka shi, da shi nake rufe kwanon markaɗe, kuma har yau bajon nake sawa ta sama.